Muhawara: An hana ɗan yayata izinin ganin bayanan sirri a Amurka, shin filash ne ya jawo masa ko bakinsa?

Baban Khalifa:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Akwai maganar da ta hana ni barci tun ranar Talata, na kuma ga ya fi dacewa in kawo ta nan, domin a cikinmu akwai waɗanda suka fi ni sanin kan harkar. Ɗan yayata, wanda ya taso a hannuna a nan Merilan tun yana ɗan shekara goma sha ɗaya, ya samu aiki a wani kamfani da ke yi wa Ma'aikatar Tsaron Amurka kwangilar kula da kwamfutoci. Sharaɗin aikin shi ne sai gwamnati ta ba shi izinin ganin bayanan sirri a mataki na tsakiya. Ya cike fom ɗin da ake kira SF-86, ya yi zaman jira fiye da shekara guda, daga ƙarshe alƙalin hukumar DOHA, wato ofishin Ma'aikatar Tsaron da ke sauraron shari'o'in wannan izini, ya yanke hukuncin hana shi, kamfanin kuma ya sallame shi, tunda kujerar ba ta zaunuwa sai da izinin.

Abin da ya faɗa mini shi ne, a tsohon wurin aikinsa ya taɓa soka filash ɗinsa a kwamfutar ofis, ya kuma ɗora mata wata manhaja ta kallon ƙwallo, aka ba shi takardar gargaɗi, bayan 'yan watanni ya bar wurin. Da ya zo cike fom bai rubuta wannan ba, saboda a ganinsa abin bai taka kara ya karya ba. Yaron nan bai taɓa kwana a hannun 'yan sanda ba, ba ya sha, ba ya busa, bashi ma ba a binsa sai na karatu. Ni dai zuciyata tana raya mini cewa sunansa da ƙasar haihuwarsa ne suka jawo masa, maganar filash kuwa an fake da guzuma ne don a harbi karsana. Ina neman shawararku, musamman a kan ɗaukaka ƙara.

Injiniya Ɗan Zariya:
Wa alaikumus salam Alhaji. Allah ya musanya masa da mafi alheri. Kafin mu ɗora wa suna laifi, ina roƙon ka duba takardar da aka fara aiko masa, wadda ke zayyana dalilan da suka sa ake shakkar sa. A cikinta ana ambaton ƙa'idojin da ake tuhumar mutum a ƙarƙashinsu, kowace da harafinta. Ƙa'idojin guda goma sha uku ne, daga harafin A zuwa M, suna cikin umarnin da ake kira SEAD 4 wanda ya fara aiki a watan Yunin 2017. In da dangi ko ƙasar haihuwa ne matsalar, harafin B za ka gani, wato tasirin ƙasar waje, ko kuwa C, wato fifita wata ƙasa a kan Amurka.

Ina wannan magana ne don ni kaina na bi ta wannan ƙofa. Sunana ya fi nasa nuna addini, mahaifiyata da ƙannena biyar suna Zariya, ina da fili a can, ina kuma tura kuɗi gida kowane wata. Duk na rubuta, har da fasfo ɗina na Najeriya. An wahalar da ni da tambayoyi, an nemi ranar haihuwar mutanen da su kansu ba su riƙe ta ba, sai da na yi ta kiran gida cikin dare, amma a ƙarshe an ba ni. Ban ce babu wariya a ƙasar nan ba, domin duk wanda ya zauna ya san akwai ta. Cewa na yi a duba harafin tukuna.

Baban Khalifa:
Na sa ya turo mini hoton shafin farko. Haruffa biyu na gani, M da E. Babu B, babu C.

Barista Maman Iman:
Ranka ya daɗe Alhaji, to magana ta fito fili. Harafin M shi ne yadda mutum ke amfani da kwamfuta da sauran na'urorin sadarwa, harafin E kuma shi ne halayyar mutum, kuma a ƙarƙashinsa ne ake saka ɓoye gaskiya a fom ko a gaban mai bincike. Alƙalin DOHA ba shi da hurumin kafa hukuncinsa a kan tuhumar da ba a rubuta a waccan takarda ba, don haka dangin da ke gida ba su ne suka kayar da shi ba.

Bari in bayyana abin da fom ɗin yake tambaya, domin a nan ne yawancin mutane suke yaudarar kansu da cewa ba a tambaye su ba. Sashe na 27 na SF-86 kacokan a kan kwamfuta yake. Yana tambaya ko a cikin shekaru bakwai da suka wuce ka shiga wata na'ura ko ka yi yunƙurin shiga ba da izini ba, ko ka canza wasu bayanai ko ka lalata su ko ka hana wasu kaiwa gare su, ko kuwa ka shigar da wani kayan aiki ko manhaja ko ma'ajiyar bayanai alhali dokar wurin ta hana. Filash da manhajar ƙwallo sun faɗa cikin tambaya ta uku kai tsaye. Sashe na 13 kuma, wanda ya shafi wuraren da mutum ya yi aiki, yana tambaya ko an ba ka gargaɗi a rubuce, ko an dakatar da kai, ko an kore ka, ko ka ajiye aiki bayan an gaya maka za a kore ka, ko kun rabu bisa yarjejeniya bayan an zarge ka da rashin ɗa'a. Wanda aka damƙa wa takardar gargaɗi a hannu, ya sa mata hannu, da wuya ya shawo kan alƙali cewa mantawa ya yi. A ƙarshen fom ɗin kuma mutum yana sa hannu cewa ya san yin ƙarya da gangan laifi ne a ƙarƙashin sashe na 1001 na kundi na 18 na dokokin tarayya, wanda hukuncinsa kan kai ɗaurin shekara biyar. Ba kasafai ake gurfanar da mutane a kan haka ba, amma ya isa ya nuna nauyin da suka ba abin.

DOHA tana wallafa hukunce-hukuncenta a intanet bayan an cire sunaye, kowa yana iya karantawa. Abin da na lura da shi a cikin waɗanda na karanta shi ne, laifin kwamfuta irin wannan yana wankuwa. Ƙa'idar M da kanta ta tanadi uzurori: idan lokaci mai tsawo ya wuce ba a maimaita ba, idan kuskure ne aka kuma kai rahoto nan take, idan rashin horo ne ko rashin bayyanar umarni ya jawo. Amma ƙaryar da aka yi a fom sabuwa ce, gwamnati aka yi wa ita, kuma an yi ta ne a daidai lokacin da ake auna gaskiyar mutum. Shekarun da suka wuce a kan tsohon laifi ba sa tsufar da ita.

Ɗan Damagaram:
Barista, da girmamawa, ni wannan bayani bai gamsar da ni ba, domin abin da ke rubuce daban, wanda ake aiwatarwa a kan mutane daban. John Deutch ya shugabanci hukumar leƙen asiri ta CIA daga 1995 zuwa 1996, aka gano ya tara bayanan sirri a kwamfutocin gidansa waɗanda ake shiga intanet da su. Sai a watan Agustan 1999 aka dakatar da izininsa, kuma a ranar ƙarshe ta mulkin Bill Clinton, 20 ga Janairun 2001, aka yi masa afuwa. David Petraeus, janar ɗin soja wanda shi ma ya shugabanci CIA, ya miƙa wa matar da ke rubuta tarihin rayuwarsa littattafansa masu ɗauke da sirri, ya kuma musanta a gaban jami'an FBI, amma a 2015 abin da ya samu shi ne tarar dala dubu ɗari da shekara biyu ta sa ido, bai kwana ko ɗaya a kurkuku ba. Jared Kushner, mijin 'yar shugaba Donald Trump, ya miƙa wannan fom ɗin dai na SF-86 a Janairun 2017 ba tare da ya lissafa hulɗarsa da baƙin ƙasashen waje ba, daga baya ya ƙara sunaye sama da ɗari, kuma a 2018 aka ba shi izini mafi girma. To yaron da ya kalli ƙwallo fa? Shafaffu da mai suna ta sha, ɗan baƙo shi ne za a nuna wa tsaurin doka.

Sannan akwai abin da ba a son tunawa. Gwamnatin da ke cewa ka zazzage mata cikinka ita ce a 2015 ta bari masu kutse suka kwashe bayanan mutum miliyan 21.5 daga ofishin kula da ma'aikatanta, har da irin waɗannan fom ɗin da zanen yatsun mutum miliyan 5.6. Idan ɓera da sata, ai daddawa ma da wari.

Barista Maman Iman:
Malam, ban musa maka ko ɗaya daga cikin waɗannan ba, kuma ni ma hukuncin Petraeus bai taɓa kwanta mini ba. Sai dai akwai abubuwa biyu da aka cakuɗa. Hukuncin kotu daban, izinin sirri daban. Deutch ya tsira daga gurfana, amma izininsa an ɗauke, wato a ɓangaren da muke magana a kai shi ma bai sha ba. Ɗan Alhaji kuwa ba a kai shi kotu ba, ba a ci shi tara ba, abin da aka hana shi shi ne amanar. Game da Kushner, lauyoyinsa sun ce kashegarin miƙa fom ɗin suka sanar da FBI cewa bai cika ba, za su ƙaro bayani. Ko mutum ya yarda da su ko bai yarda ba, wannan ita ce ainihin ƙofar da ƙa'idar E ta bari a buɗe ga kowa: ka gaggauta gyara da kanka da kyakkyawar niyya kafin a tare ka da hujja. Jaridu sun kuma ruwaito cewa surukinsa, shugaban ƙasa, shi ne ya ba da umarnin a ba shi, wannan kuwa gata ne da babu wanda yake da shi a cikinmu.

Tushen abin yana cikin hukuncin Kotun Ƙoli na 1988 a shari'ar Ma'aikatar Sojan Ruwa da Thomas Egan. Egan lebura ne a wurin gyaran jiragen ruwa masu nitso a jihar Washinton, ba ɗan baƙo ba ne, kuma daga cikin dalilan hana shi har da rashin bayyana wasu tsofaffin hukunce-hukunce biyu na ɗaukar bindiga. Kotun ta ce babu wanda yake da haƙƙin a ba shi wannan izini, ikon na ɓangaren zartarwa ne, kuma idan za a yi kuskure gara a yi shi ta wajen hanawa. Shi ya sa shakka a nan ba ta amfanar wanda ake bincika kamar yadda take yi a shari'ar laifi.

Injiniya Ɗan Zariya:
Ina son in ce wani abu a kan raina filash da muke yi, domin ni aikina ke nan, kuma na san inda rainin ya samo asali. A gida filash ɗaya yakan zaga ofis gaba ɗaya, ya je shagon buga takardu, ya dawo, babu mai tambaya. Shugaba yakan rubuta kalmar sirrinsa a ƴar takarda ya manna a jikin allon kwamfuta don sakatare ya samu sauƙi. Mun taso muna ganin wannan a matsayin sauƙin kai da yarda da juna. Su kuwa sun ɗanɗana kuɗarsa. A 2008 filash guda da aka soka a wata kwamfuta a sansanin sojan Amurka a Gabas ta Tsakiya ya shigar da ƙwayar cuta har cikin hanyoyin sadarwarsu na sirri, aka shafe sama da shekara ana sharewa, aka kuma haramta filash a kwamfutocin ma'aikatar a wancan lokaci. Mataimakin sakataren tsaro William Lynn ne ya bayyana labarin a 2010. A shekarar ne kuma wani sojan Amurka mai suna Manning ya kwashi ɗaruruwan dubban takardu a faifan da ya yi wa shigar faifan waƙa.

Na baya-bayan nan shi ne Jack Teixeira, matashin sojan sama wanda shi ma aikin kula da kwamfutoci yake yi. Shugabanninsa sun sha yi masa gargaɗi a kan leƙe-leƙen abin da bai shafi aikinsa ba, suka bar shi a kujerarsa, har ya riƙa zuba takardun sirri a dandalin hira na intanet da ake kira Discord. An kama shi a Afrilun 2023, aka yanke masa shekara 15 a Nuwamban 2024, aka kuma ladabtar da mutum 15 a rundunar saboda sakaci. Saboda haka mai yanke hukunci idan ya ga ma'aikacin kwamfuta da takardar gargaɗi a tarihinsa, ba ƙwallo yake gani ba. Mutum yake gani wanda ke riƙe da mabuɗan kowane ɗaki, wanda ya taɓa yanke wa kansa hukuncin cewa wannan doka ba da shi take ba. Akwai kuma abin da nake son Alhaji ya tambaya: kwamfutar ofis ba ta karɓar sabuwar manhaja haka kawai. Sai an shiga da ikon mai kula, wani lokaci ma sai an kashe manhajar kariya. Shin haka ya yi?

Hajiya Babba:
Ni ba lauya ba ce, ba kuma injiniya ba, amma na goyi yara a ƙasar nan, ina kuma son in yi wa yaron nan adalci ta wani ɓangare. Mu muka koya musu cewa abin kunya ba a tallata shi. Mu muka koya musu cewa idan Allah ya rufa maka asiri kada ka tona wa kanka. A wurinmu idan za a sallami ma'aikaci, mai gida na kirki yakan ce masa ya rubuta takardar ajiye aiki don kada a ɓata masa suna, kowa kuma ya ɗauke shi a matsayin mutunci, har a yi masa addu'a. Ina kyautata zaton manajansa ya ce masa za su rubuta cewa shi ya ajiye, shi kuma ya ɗauka an binne maganar ke nan. Bai san cewa a nan abin da aka faɗa masa a baki daban, abin da ke cikin fayil daban ba.

Amma Baban Khalifa, ƙanena, kada tausayi ya rufe mana ido. Rufin asiri shi ne kada ka je kana ba da labarin aibinka inda ba a tambaye ka ba. Wanda ya je da ƙafarsa neman a ba shi amana, aka tambaye shi ƙarara, ya sa hannu a kan a'a, wannan ya fita daga babin sutura. Ko a neman aure, idan waliyyi ya tambaye ka ko ka taɓa aure ka ce a'a, ranar da ta fito ba tsohon auren ne zai raba ku ba.

Malam Ƙarami:
Tambayata ga Barista ita ce, ta yaya suka gano? Na ji ana cewa sai da na'urar gano ƙarya ake kama irin wannan, kuma a majalisarmu an sha ba matasa shawarar cewa abin da ba ya cikin kundin 'yan sanda kada su wahalar da kansu su rubuta shi.

Barista Maman Iman:
Allah ya gafarta Malam, wannan shawara ta majalisa ta kashe wa mutane da yawa kasuwa. Na'urar gano ƙarya hukumomi irin su CIA da NSA ne suka fi amfani da ita, a matakin da yaron nan ya nema ba a buƙatar ta. Hukumar DCSA, wadda ta karɓi aikin binciken tun Oktoban 2019, takarda kawai take aika wa tsofaffin wuraren aikin mutum tana tambayar yadda aka rabu. Idan amsar ofishin ma'aikata ta saɓa da abin da ke fom, sai a kira mutum hira. Yadda hirar take tafiya shi ne, mai binciken zai bi fom ɗin sashe bayan sashe, yana tambaya ko akwai abin da kake son ƙarawa ko gyarawa, alhali amsar kamfanin tana cikin jakarsa. Wannan tambaya ita ce dama ta ƙarshe. Wanda ya faɗa a lokacin, rahoto zai nuna cewa shi ya kawo maganar da kansa. Wanda ya yi shiru har aka zaro masa takarda, rahoto zai nuna cewa sai da aka tare shi, kuma alƙalai suna ba wannan bambanci nauyi ƙwarai.

Ƙa'idar ta amince da uzurin cewa gurguwar shawara aka ba mutum, amma sai idan lauya ne ya ba shi, ko jami'in da aikinsa ne shiryar da mutane a kan harkar tsaro. Abokin hira a ƙofar masallaci ba ya ciki. Haka kuma rashin kasancewar abu a kundin 'yan sanda ba ya wanke shi. A 2021 Kotun Ƙoli ta wanke wani sajan na 'yan sandan Jojiya, Nathan Van Buren, wanda ya karɓi kuɗi ya binciko lambar mota a kwamfutar aiki, bisa dalilin cewa dokar kutse ta tarayya ba ta hau kansa ba tunda yana da izinin shiga ma'ajiyar. Da irinsa zai zo gaban DOHA, wannan wankewa ba za ta hana a tambaye shi dalilin karya dokar wurin aikinsa ba.

Ɗan Damagaram:
Na karɓi bambancin da kika yi tsakanin kotu da izini, amma har yanzu ina nan a kan cewa mai lauya da mai gata ba sa shiga wannan ɗaki da ƙafa ɗaya da ɗan talaka. Wanda ke da lauya tun ranar cike fom ba zai taɓa danna a'a a inda bai kamata ba. Kuma ban ji kin ce komai a kan bayanan mutum miliyan 21.5 ba.

Injiniya Ɗan Zariya:
A kan wannan ba ni da abin kare su, domin nawa bayanan ma suna cikin waɗanda aka kwashe, wasiƙa kawai aka aiko mini da tayin sa ido a kan asusuna. Sai dai ka lura da abin da satar ta haifar. Duk wanda ya rubuta gaskiya, ɓarayin ba su samu abin da za su yi masa barazana da shi a wurin gwamnatinsa ba, tunda ta riga ta sani. Wanda ya ɓoye wani abu shi ne ke da igiya a wuya, duk wanda ya gano sirrin yana iya ja. Wannan shi ne dalilin da ya sa sukan tambayi mutum ko matarsa da shugabansa sun san abin da ya faru.

Baban Khalifa:
'Yan'uwa, na dawo, kuma jikina a sanyaye. Tambayar Injiniya ce ta sa na ce ya turo mini hukuncin gaba ɗaya, ba shafin farko kaɗai ba. Ya yi ta jan ƙafa, sai da na ɗaga murya. Na zauna a mota a bakin wurin aikina na karanta shi sau biyu.

Gaskiya ne ya kashe manhajar kariya da ikon mai kula kafin ya ɗora ta ƙwallon. Amma a kan wannan da filash ɗin alƙalin ya yi masa sassauci, ya ce abin ya daɗe kuma a lokacin yana sabon shiga aiki. Abin da bai taɓa gaya mini ba shi ne, wata huɗu bayan gargaɗin ya shiga akwatin imel na wata abokiyar aikinsa ba da izininta ba, wai don ya ga abin da ta rubuta wa manaja a kansa. A kan wannan aka ce ya ajiye aiki ko a kore shi. A fom ya rubuta cewa ya tafi ne don neman ƙarin albashi. A wurin hira mai binciken ta tambaye shi sau biyu ko akwai wata matsala a wancan wuri, ya ce babu, sai ta buɗe fayil. Da aka aiko masa da takardar dalilai kuma, maimakon ya nemi zama a gaban alƙali, sai ya zaɓi a yanke hukunci a kan takardu, ya rubuta sakin layi biyu yana cewa bai fahimci tambayoyin ba. Alƙalin ya rubuta cewa mai digiri a fannin kwamfuta, wanda ya yi karatunsa duka da Ingilishi, wannan uzuri bai karɓu daga gare shi ba.

Ni ne na je na gaya wa mahaifiyarsa a waya cewa saboda sunansa aka hana shi, har ta yi kuka tana Allah ya isa. Yanzu ban san da bakin da zan koma mata ba.

Hajiya Babba:
Ba kai za ka koma mata ba, shi zai kira ta, kana zaune a gefensa. Kada kuma ka haɗa masa zafi biyu a dare ɗaya, domin wanda ya ɓoye wa kawunsa irin wannan magana tsoron zubewar girmansa a idonka ne ya fi damunsa, ba rashin kunya ba.

Barista Maman Iman:
Ranka ya daɗe, tunda ga yadda abin yake, zan faɗa maka ra'ayina ba tare da kwana-kwana ba. Yana da kwana 15 daga ranar da ke jikin hukuncin ya shigar da sanarwar ɗaukaka ƙara. Sai dai kwamitin ɗaukaka ƙara ba ya karɓar sabuwar hujja, ba ya kuma sake sauraron shaidu. Abin da yake dubawa kawai shi ne ko alƙali ya yi kuskuren doka ko ya kafa hukunci a kan abin da babu shi a fayil. Nadamar da bai nuna a baya ba, da wasiƙun shaidar hali da bai kai ba, ba su da hanyar shiga yanzu. Babbar asarar da ya yi ita ce ƙin zama a gaban alƙali, domin a nan ne ake ganin fuskar mutum, a ji yadda yake amsa laifinsa, a kuma auna shi gaba ɗayansa, da shekarunsa a lokacin da abin ya faru da abin da ya canza tun daga nan. Duk da haka ku kai wa lauyan da ya ƙware a wannan fanni hukuncin ya duba kafin wa'adin ya cika, kada ku tsaya a kan maganata ta cikin zaure.

Hanyar da na fi gani ita ce ta haƙuri. Bayan shekara guda da hukuncin, idan ya samu kamfanin da zai tsaya masa, yana iya sake nema, kuma sai ya nuna abin da ya canza. Sashe na 25 na fom ɗin zai tambaye shi ko an taɓa hana shi izini, wannan tambaya kuwa ba ta da iyakar shekaru, har abada amsarsa i ce. Kafin lokacin ya nemi aikin kwamfuta da ba ya buƙatar izini, ya riƙe shi da tsabta, ya yi kwasa-kwasan tsaron bayanai ya ajiye takardunsu, kuma duk inda aka tambaye shi dalilin barin wancan wuri ya faɗi abu ɗaya, domin za a gwada amsoshinsa da juna.

Ɗan Damagaram:
Alhaji, na janye maganar ɗan baƙo a kan wannan shari'a, tunda shiga imel ɗin mutum ko a Zinder aka yi shi sai an ji kansu. Maganata a kan manya kuwa tana nan inda na ajiye ta.

Baban Khalifa:
Na gode muku duka, Allah ya bar zumunci. Na lissafa, kwana tara suka rage a cikin goma sha biyar ɗin. Na ce ya zo gida bayan sallar isha'i da takardun gaba ɗaya, har da amsar da ya rubuta musu da takardar gargaɗin farko, gobe da safe kuma mu kira mahaifiyarsa kafin ta fita kasuwa. Barista, akwai wani kamfani da ya kira shi hira ranar Litinin, aikin ba na gwamnati ba ne, amma fom ɗinsu ma yana da layin dalilin barin aiki. Idan na turo miki abin da ya rubuta a wannan layi, za ki iya duba mana shi kafin ya aika?